"Maleriya da Taifod Ne": Amsar da Ke Binne Mana Yara

Wata Laraba da damina, bayan sallar isha'i, ƙanwata da ke aure a Gama ta kira ni. "Yaya," in ji ta, "zazzaɓin yaron nan ya ƙi sauka, yau kwana tara." Ɗanta bai cika shekara biyu ba. Na tambaye ta abin da aka yi masa, ta lissafo mini. Rana ta farko mai kemis na bakin layi ya ba su maganin maleriya na kwana uku, ba tare da gwaji ba. Rana ta huɗu suka je wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka ɗebi jini, aka dawo musu da takarda da amsar da kowane Bakano ya haddace: maleriya da taifod ne. Aka yi allurai na kwana biyar. Da idonsa ya fara yin rawaya kakarsa ta ce shawara ce, aka jiƙa saiwa. Da tafin hannunsa ya yi fari aka auna PCV, aka ce jininsa ya yi ƙasa, aka ƙara masa leda guda. Wata maƙwabciya ta kawo ƙwayar deksametazon, zafin jikin ya sauka kwana biyu, gida ya yi murna, sannan ya dawo fiye da da.

Sai a rana ta goma sha bakwai suka isa babban asibiti. A nan wata matashiyar likita ta ɗora hannu a cikin yaron ta ji saifarsa ta sauko har kusa da cibiya. Ta sa aka yi cikakkiyar ƙidayar jini, ta ga jajayen ƙwayoyi da farare da masu tsayar da zubar jini duk sun faɗi tare. Ta rubuta gwajin feritin. Kafin sakamakon ya fito ta yi wa ƙanwata tambayoyi biyu da babu wanda ya yi mata su cikin kwanakin nan goma sha bakwai: ko ita da mijinta 'yan'uwa ne, ko kuma ta taɓa rasa wani ɗa da irin wannan zazzaɓi. Amsar duka biyun "e" ce. Feritin ya dawo ya haura dubu goma. Bayan kwana huɗu muka kai yaron makwancinsa.

Ba na zargin mai kemis da mugunta, ba na zargin likitan farko da ita. Abin da nake tuhuma ɗabi'a ce da ta zauna mana a jiki, mu da ma'aikatan lafiyarmu: duk zazzaɓin yaro sunansa ɗaya, kuma idan magani bai yi aiki ba, sai a sake maganin maimakon a sake tunanin.

Idan garkuwar jiki ta ƙi kwance ɗamara

Ciwon da likitar nan ta yi zargi, likitoci na kiransa HLH a taƙaice. Ga yadda yake. Idan ƙwayar bairos ta shiga jiki, garkuwar jiki takan tayar da rundunoni. Akwai manyan ƙwayoyi da aikinsu haɗiye duk wani baƙo da tarkace. Akwai kuma ƙwayoyi masu kisa, waɗanda ke bin ƙwayoyin jikin da bairos ya shige, su huda su da wani sinadari mai suna faforin, su kashe su. Tsakanin rundunonin akwai sinadaran aike da ke kaɗa gangar yaƙi. A jikin mai lafiya, da zarar masu kisa sun gama da ƙwayoyin da suka kamu, gangar takan yi shiru, kowa ya kwance ɗamara, zazzaɓi ya sauka.

A HLH masu kisan ne ke gazawa. Tun da ba su gama aikin ba, gangar ba ta tsayawa, masu haɗiya kuma sai su haukace su afka wa jinin yaron kansa, a cikin ɓargo da saifa da hanta, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa jini ke faɗuwa ko an ƙara shi, saifa da hanta su kumbura, ido ya yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa, wani yaron har ya riƙa jijjiga. Ƙwayar cutar ita ta tayar da rikicin, amma abin da ke kashe yaron martanin jikinsa ne.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1952 likitoci biyu a Sikotland, Farquhar da Claireaux, suka bayyana nau'in da ake gado bayan sun gan shi a yara biyu 'yan gida ɗaya. A 1979 Risdall da abokan aikinsa a Minnesota ta Amurka suka nuna cewa bairos na iya tayar da irinsa a jikin wanda ba a san shi da gadonsa ba. A 1999 aka gano cewa lahani a ƙwayar gadon faforin na daga cikin tushen nau'in gadon. Nau'in gado yana bayyana ne idan uwa da uba duka suna ɗauke da lahanin ba tare da sun sani ba, kamar yadda sikila take, kuma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. A ƙasar da auren zumunci ya yi ƙarfi irin tamu, wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye.

Bairos ɗin da ya fi tayar da HLH shi ne EBV, kuma tarihinsa ma daga Afirka ya faro: a 1964 Epstein da Achong da Barr suka gano shi a Landan, cikin ƙwayoyin kansar yara da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda. Ta miyau yake yaɗuwa, kuma a ƙasashenmu kusan kowane yaro yakan kamu da shi tun yana ƙarami, galibi ba tare da wata alama ba. Bayan shi akwai CMV da dengi da bairos ɗin mura mai tsanani da HIV da korona. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu: maleriya da taifod da tarin fuka su ma suna iya tayar da shi. Ke nan ko gwaji ya nuna maleriya da gaske, magana ba ta ƙare ba idan an ba da magani daidai amma yaro yana ƙara lalacewa.

HLH yana da dangi biyu da ya kamata mai karatu ya sani. Na farko cutar Kawasaki, wadda likitan yara Tomisaku Kawasaki ya bayyana a Japan a 1967: zazzaɓi na kwana biyar ko fiye, jan ido ba kwantsa, jan leɓe da harshe, ƙuraje, kumburin hannu da ƙafa, da kaluluwa a wuya. Duk wanda ya karanta jerin nan ya san sunan da za a ba ta a lungunanmu: ƙyanda. Amma idan ba a yi maganinta ba, kusan ɗaya cikin yara huɗu jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsu sukan buɗe su lalace, alhali ruwan garkuwa na IVIG, in an ba da shi cikin kwana goma na farko, yana mayar da haɗarin ƙasa da biyar cikin ɗari. Na biyu MIS-C, wanda likitocin Landan suka fara yin shelarsa a watan Afrilu na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da siffofinsa a watan Mayu: yaro ya kamu da korona, sau da yawa ba a ma sani ba, bayan mako biyu zuwa shida sai zazzaɓi da ciwon ciki da amai ko gudawa da jan ido da raunin zuciya. A daidai wannan Afrilu ne Kano ta yi ta binne dattawanta, har ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama na da alaƙa da korona. Jikokin waɗannan dattawa da suka zo asibiti a watan Mayu da Yuni da zazzaɓi da ciwon ciki, wane suna muka rubuta musu a kati?

Sharuɗɗa takwas, shida suna hannunmu

Za a ce gane irin wannan ciwo sai Turai. Ba haka ba ne. Ƙungiyar masana da ke bibiyar waɗannan cututtuka, ƙarƙashin jagorancin Jan-Inge Henter na Cibiyar Karolinska a Suwidin, ta fitar da ƙa'idar da ake kira HLH-2004. Sharuɗɗa takwas ne, idan biyar sun cika an kama ciwon: zazzaɓi, kumburin saifa, faɗuwar aƙalla nau'i biyu cikin nau'o'in ƙwayoyin jini uku, hauhawar kitsen jini na tiraigiliserayid ko faɗuwar sinadarin daskarar da jini na fibirinojin, ganin ƙwayoyi suna haɗiye jini a ɓargo ko saifa ko kaluluwa, feritin 500 ko sama, raunin aikin ƙwayoyin NK masu kisa, da hauhawar wani sinadari mai suna sCD25.

Biyun ƙarshe ne kaɗai ke buƙatar ɗakin gwaji na musamman. Na farko ma'aunin zafi ne. Na biyu hannun likita ne a cikin yaro, ko hoton ciki. Na uku cikakkiyar ƙidayar jini ce, wadda ake rubutawa FBC a takarda. Kitsen jini da feritin gwaje-gwaje ne na yau da kullum a manyan ɗakunan gwaji, ɗibar ɓargo kuwa aikin sashen jini ne na asibitin koyarwa. Garin da ke da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala da na Muhammad Abdullahi Wase a Nassarawa, ga asibitocin yara na Hasiya Bayero da na Khalifa Isyaka Rabi'u, ba zai ce ba shi da hanyar cika sharaɗi biyar ba.

Feritin ya cancanci bayani na musamman. Sinadari ne da jiki ke adana ƙarfe a cikinsa, kuma yana tashi a kowane kumburi, amma a HLH tashinsa ya wuce misali. Wani bincike da aka yi a asibitin yara na Texas a 2008 ya nuna cewa feritin da ya haura 10,000 ya kama kashi 90 cikin ɗari na yaran da ke da HLH, kuma da wuya a same shi a yaron da ba shi da shi. Jinin da ake buƙata bai cika ƙaramin cokali ba.

A nan ne ɗabi'armu ta PCV take cutar da mu. PCV jajayen ƙwayoyi kaɗai yake gani. Idan ya yi ƙasa sai a ce "jini ya ƙone", a nemi mai ba da jini, a ƙara, a sallami yaro. Cikakkiyar ƙidaya ce ke nuna cewa farare da masu tsayar da zubar jini su ma sun faɗi, wanda ke nufin matsalar tana can cikin ɓargo ko saifa. Haka nan gwajin Widal, wanda aka ƙirƙira tun 1896: masana sun daɗe suna gargaɗin cewa yin sa sau ɗaya a ƙasar da taifod ya zama ruwan dare ba ya tabbatar da komai, domin yana iya nuna alama a jikin mai maleriya, har da mai lafiya ƙalau. Noma ƙwayar cutar daga jini ne ke tabbatar da taifod. Duk da haka Widal ya fi kowane gwaji kasuwa a unguwanninmu, saboda yana ba likita amsa, yana ba uwa suna, yana ba asibiti dalilin allurar kwana biyar.

Abin da za a ce mini, da amsata

Hujja ta farko mai ƙarfi ce, kuma na yarda da rabinta. Za a ce Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu maleriya a duniya, yaranmu suna mutuwa da tamowa da gudawa da ciwon huhu da mashaƙo, ina amfanin ɓata lokaci kan ciwon da ba kasafai ake gani ba? Gaskiya ne yaron da ya zo da zazzaɓi a Gama cikin watan Agusta, maleriya ce abu na farko da za a nema. Ban ce a yi wa kowane mai zazzaɓi feritin ba. Maganata a kan yaron da aka riga aka yi wa maganin maleriya da na bakteriya bai tashi ba. Shi wannan ya fita daga sahun masu yawa, ya shiga ƙaramin sahu inda kansar jini da tarin fuka da HIV da Lassa da gubar jini da Kawasaki da HLH suke. Matakin da zai kama ɗaya shi ne zai kama sauran: a sake duba yaro daga kai har ƙafa, a taɓa cikinsa, a ƙidaya jininsa duka. Kuma ƙa'idar ba tawa ba ce. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da maleriya da gwaji kafin a ba da magani. Tsarin kula da cututtukan yara na IMCI, wanda ake koya wa ma'aikatan lafiya a matakin farko, ya ce zazzaɓin da ke zuwa kullum fiye da kwana bakwai a tura shi gaba a bincika. Game da ƙarancinsa kuwa, ciwon da ba a neman sa ba zai taɓa yawa a littafin asibiti ba.

Hujja ta biyu: ko an gane, maganin fa? Ƙashin bayan maganin HLH abu biyu ne, deksametazon da etofosaid. Na farko yana cikin magunguna mafi araha a kasuwa, na biyu kuwa tsohon maganin kansa ne da sassan kansar yara suka saba da shi. Kafin a tsara wannan magani, yaron da ke da nau'in gado bai cika wuce wata biyu ba bayan ciwon ya bayyana. Da tsarin HLH-94, kashi 54 cikin ɗari na yaran sun kai shekara biyar a raye. Nau'in gado yana buƙatar dashen ɓargo daga baya, kuma wannan nauyi ne babba, ko da yake tun 2011 aka fara dashen ɓargo a Najeriya, a asibitin koyarwa na Benin. Amma da yawa daga yaran da cuta ce kawai ta tayar musu da shi, idan an yi maganin tushen aka kwantar da garkuwar a kan lokaci, sukan warke ba tare da dashe ba. Ko a inda yaro ya riga ya tafi, sunan ciwon yana da amfani ga na bayansa: uwar da ta san haɗarin ɗaya cikin huɗu ba za ta kai jaririnta na gaba kemis ba.

Hujja ta uku ta ƙwararru ce: feritin yana tashi a maleriya mai tsanani, da ciwon hanta, da masu sikila da aka sha ƙara musu jini, kuma muna da su da yawa. Haka ne, shi ya sa sharuɗɗan suka zama biyar, kuma shi ya sa ake maimaita gwajin a ga inda ya dosa. Wannan dalili ne na karanta sakamako da hankali, bai zama dalilin ƙin yin gwajin ba.

Sai maganar deksametazon, wadda ta fi ci mini rai. Maganin da zai iya ceton yaron shi ne muke sayarwa a kemis ba takarda, ana haɗa shi cikin maganin zazzaɓi da na ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Idan aka ba yaro shi a makance yakan saukar da zafin jiki ya ɓoye alamomi, ya ba iyaye kwanciyar hankali ta ƙarya, ya cinye kwanakin da ake da su. Idan kuma ciwon kansar jini ne, yana iya ɓatar da ƙwayoyin kansar daga ɓargo na ɗan lokaci har a kasa ganewa. Abin da ya faru da mu ke nan a rana ta goma sha biyu.

Abin da nake nema

Daga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da Hukumar Kula da Asibitoci, takarda guda a bangon kowane ɗakin duba yara, da Hausa da Turanci: zazzaɓin da bai sauka ba bayan kwana uku ana magani, a sake duba yaro a yi cikakkiyar ƙidayar jini, wanda ya kai kwana bakwai, ko ya zo da kumburin saifa, ko nau'i biyu na jini suka faɗi, a tura shi babban asibiti a ranar, a yi feritin. Daga hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, a tabbatar waɗannan gwaje-gwaje biyu suna cikin abin da ake biya wa ƙananan yara, domin uban da ya ƙarar da kuɗinsa a allurar taifod ba ya isa babban asibiti da komai a aljihu. Daga malaman likitanci a Jami'ar Bayero da sauran makarantun kiwon lafiya, a mayar da tambayoyin nan biyu, na zumuncin iyaye da na ɗan da aka taɓa rasawa, farilla a tarihin kowane yaro, kuma a riƙa tattara bayanan yaran da aka yi zargi a wuri guda. Daga hukumomin da ke sa ido kan masu sayar da magani, a hana sayar da deksametazon ba takardar likita.

Saura kai, mai karatu. A danginku kai ne wanda ya yi boko, kai ake kira idan yaro ya kwanta, kuma galibi abin da kake yi shi ne tura kuɗi. Tura kuɗin, amma ka haɗa da tambaya huɗu. Yau kwana nawa? An yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya? An yi cikakkiyar ƙidayar jini ko PCV kawai? Likita ya taɓa cikinsa, me ya ce game da saifa? Idan kwanakin sun kai bakwai, ko yaro ya yi fari, ko idonsa ya yi rawaya, ko jini yana fita ta hanci ko dasashi, ko yana jijjiga, ka ajiye aikinka ka ɗauke su da kanka zuwa babban asibiti. Ka riƙe duk takardun gwaji na baya da kwalayen magungunan da aka sha, har da wanda maƙwabciya ta kawo. Ka tambayi likita cikin ladabi ko akwai buƙatar feritin. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ni a rana ta tara da ƙanwata ta kira, kuɗi kawai na tura, na ce Allah ya sawwaƙe. Daga ƙofar gidanta a Gama zuwa manyan asibitocin Nassarawa tafiyar ɗan sahu ce ta 'yan mintoci, mu kuwa sai da muka shafe kwana goma sha bakwai kafin mu kai ga wanda zai yi mana tambayar da ta dace. Yanzu tana da ciki wata shida. Na rubuta mata sunan ciwon a takarda da manyan baƙaƙe, ta soke ta cikin katinta na awo, kuma mun yi alkawari duk ranar da jikin jaririn ya yi zafi, ni za ta fara kira kafin kowa.